Ƙidayar Numfashi da Gane Alamun Haɗari: Ilimin da Ya Kamata Ɗalibin Jinya a Zamfara Ya Fara Ƙwarewa a Kansa

Tsakure

Maƙalar ta dubi irin ilimin duba majinyaci da ake bai wa ɗaliban jinya, ungozoma da kiwon lafiyar al'umma a Jihar Zamfara, ta fi mayar da hankali ga Gusau, Tsafe da Bungudu. Matsayinta shi ne, a yankin da majinyaci ke zuwa asibiti a makare, kuma tura shi gaba ke da tsada da haɗari, abin da ya fi cancanta ɗalibi ya ƙware a kansa shi ne auna alamun rai da hannunsa, ya fahimci abin da adadin ke nufi, ya ɗauki matakin farko, sannan ya isar da bayani ga na gaba da shi. An kafa hujja da gubar dalma ta 2010, sanƙarau na 2017, tamowa da zubar jini bayan haihuwa.

1.0 Gabatarwa

Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, tana da makarantu biyu da ke yaye da yawa daga cikin ma'aikatan da majinyaci ke fara cin karo da su. A Gusau akwai kwalejin jiha ta koyon jinya da ungozoma, wadda ɗalibanta ke rubuta jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya bayan shekara uku. A Tsafe akwai Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya, inda ake horar da jami'an kiwon lafiyar al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyuka. Bungudu kuwa, da babban asibitinta da ƙananan cibiyoyin da ke warwatse daga Nahuce zuwa Kwatarkwashi, misali ce ta irin wuraren da waɗannan ɗalibai za su yi aiki bayan sun kammala. Manyan asibitocin da ake tura masu ciwo mai tsanani, wato Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duk a Gusau suke.

A taswira, Tsafe da Bungudu ba su da nisa da Gusau. Amma duk mazaunin yankin ya san cewa ba kilomita kaɗai ake lissafawa ba. Ana lissafa kuɗin mota, da izinin maigida, da lokacin da rana za ta faɗi, domin akwai hanyoyin da ba a bi da dare saboda 'yan bindiga. A watan Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, ma'aikaciyar da ke ƙauye ba ta da likitan da za ta kira ta nemi shawara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan mace ɗaya ce cikin goma ke haihuwa a asibiti a Zamfara. Ma'anar wannan ita ce yawancin matan da ungozoma ke gani ba masu naƙuda lafiya ba ne. Waɗanda abin ya gagara a gida ne. Tambayar maƙalar ke nan: wane ilimi ne ya fi amfanar wanda zai tarbi irin wannan majinyaci, sau da yawa shi kaɗai?

2.0 Alamar da aka fi rainawa

Zafin jiki yana da ma'auni, hawan jini yana da na'ura, bugun zuciya ma na'urar takan nuna shi. Numfashi ne kaɗai sai an tsaya da agogo an ƙirga, shi ya sa aka fi yi masa ha'inci. Wanda ya saba duba katin majinyata ya san layin da ake cikawa da 20, 20, 20 tun safe har dare, ko da mai gadon yana haki. Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. An daɗe ana kokawa da ita a asibitocin Ingila da Ostireliya, kuma tana cikin dalilan da suka sa Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar da tsarin makin gargaɗi a 2012, wanda ya bai wa numfashi babban matsayi. Sai dai a can akwai na'urori da yawan ma'aikata da za su toshe giɓin. A Bungudu, idan ba a ƙirga ba, babu abin da zai ƙirga.

Dalilin muhimmancinsa a bayyane yake a ilimin aikin jiki. Idan iskar oksijin ta ragu, ko jini ya yi tsami saboda maleriya mai tsanani, ko ƙwayar cuta ta shiga jini, ko an yi asarar jini, jiki yakan fara da ƙara saurin numfashi da bugun zuciya domin ya riƙe hawan jini a inda yake. Hawan jini shi ne na ƙarshe da ke faɗuwa, musamman ga yara da mata masu ƙuruciya. Ɗalibin da aka koya wa cewa sai hawan jini ya sauka ne majinyaci ke cikin haɗari, an koya masa jiran ƙarshen labari.

Adadin da ake buƙata ba su da yawa. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma 25 ko fiye abin tashi tsaye ne. A tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga mai wata 2 zuwa shekara 1, sai 40 ga mai shekara 1 zuwa 5. Dole a ƙirga minti ɗaya cikakke, yaro yana natse, rigarsa a ɗage, ana kuma duba ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi. Kowane ɗalibi zai iya rubuta wannan a jarrabawa. Abin da ba kowa ke iyawa ba shi ne ƙirga numfashin yaron da ke kuka a kan cinyar uwarsa, ga layin mata talatin suna jira. Wannan kuwa a hannu ake koyonsa, malami yana tsaye yana ƙirgawa tare da ɗalibi, su gwada adadinsu. A ganina, gurbin da aka bari babu komai ya fi wanda aka cika da ƙarya, domin na farko yana tunatar da mai karɓar aiki cewa ba a duba ba, na biyu kuwa yana sa shi barci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma batun fata. Yawancin littattafan da ɗalibanmu ke karantawa an rubuta su ne ana kallon farar fata: majinyaci ya yi fari, leɓensa ya yi shuɗi, jajayen ɗigo sun fito masa. Ɗalibin Gusau yana buƙatar a nuna masa inda waɗannan alamu ke ɓuya a jikin mutanensa, wato tafin hannu, cikin fatar ido, harshe da dasashi. Hatta na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ba ta tsira ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa na'urar takan kasa gano ƙarancin oksijin ga baƙaƙen fata kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Don haka idan na'ura ta nuna 93, yaro kuma yana numfashi 58 ƙirjinsa na lotsawa, yaron za a gaskata.

3.0 Abin da annobar jihar ta koyar

A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar sanƙarau suka tarar da yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yaran suna amai, ciwon ciki, jijjiga da suma. An ba su maganin maleriya, an ba su na sanƙarau, ba su warke ba. Daga baya aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu, kuma an yi wa dubbai magani a shekarun da suka biyo baya, har da na ƙauyen Bagega. Darasin da ke nan ga ɗalibi bai shafi ɗakin gwaji ba, ya shafi tambaya. Me maigida yake yi? Ana niƙa dutse a gidan? Akwai wani yaro da ya yi irin wannan ciwo a unguwa? Yaro mai jijjiga wanda jikinsa ba zafi, ko wanda ya ƙi jin maganin maleriya, yana neman a sake tunani. Har yau ana haƙar zinariya a jihar, iyalai kuma suna ƙaura zuwa Gusau da Tsafe saboda rashin tsaro, don haka wanda ke aiki nesa da Anka ma bai kamata ya cire wannan daga ransa ba.

Sanƙarau na 2017 ya koyar da wani abu daban. Cutar ta fara ne a Zurmi a watan Disamba 2016, amma sai a Fabrairu 2017 labarin ya isa Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Abuja. Zuwa watan Yuni an ƙirga mutum 14,518 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, 1,166 suka rasu, kuma kusan rabin masu cutar 'yan Zamfara ne. Nau'in C ne ya yi ɓarnar, alhali rigakafin MenAfriVac da aka yi wa jama'a a baya na nau'in A ne. Makonnin da suka wuce kafin a kai rahoto su ne abin dubawa. Ma'aikacin ƙauye da ya ga mutum uku masu zazzaɓi da sanƙarewar wuya a mako guda, ya kamata ya san cewa akwai jami'in bibiyar cututtuka a ƙaramar hukumarsa, kuma sanar da shi wani ɓangare ne na jinya. Haka nan ya san cewa jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba. Maɗigarsa ce za ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai ƙara ko ya yi laƙwas.

Wannan ya kawo mu ga tsarin shekara. Cututtukan Zamfara suna da lokutansu: sanƙarau da ƙyanda da bazara, maleriya da kwalara da tamowa da damina zuwa kaka, ciwon huhu da ƙuna da hunturu. Ban ga abin da zai hana a daidaita darussan aji da wannan zagaye ba, ta yadda ɗalibi zai karanta sanƙarau a Janairu ya gan shi a Maris, maimakon ya karanta shi a Agusta lokacin da ɗakin yara ya cika da masu maleriya.

4.0 Lissafi, da inda ƙa'ida ke juyewa

Kuskuren magani ga yara yawanci kuskuren lissafi ne, kuma ana fara shi ne daga ƙin ɗora yaro a sikeli. Mu ɗauki yaro mai kilo 12 da maleriya mai tsanani. Allurar atesunet ga wanda bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ce ga kowane kilo, wato miligiram 36. Kwalbar miligiram 60, idan aka narkar da ita da mililita 1 na ruwan bakabonet aka ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10, don haka mililita 3.6 za a ba shi ta jijiya, a maimaita bayan awa 12 da awa 24. Kafin duk wannan, a duba sukarin jininsa, domin raguwar sukari tana kashe yaro da sauri fiye da ƙwayar maleriyar.

Da a ce kwalara ce ta kawo wannan yaron, idonsa ya faɗa, fatarsa ba ta komawa idan an ja, zai buƙaci mililita 100 na ruwan Ringa ga kowane kilo: mililita 360 a minti 30 na farko, sai 840 a awa biyu da rabi. Da robar ƙarin ruwa mai ɗigo 20 a mililita, kashi na biyu ya kama ɗigo 112 a minti. Ɗalibin da bai taɓa yin wannan lissafi a tsaye ba, ana kuka a kansa, zai rataya ruwa ne kawai ya buɗe yadda ya ga dama.

To amma ga inda haddar ƙa'ida ke zama haɗari. Idan wannan yaron mai tamowa ne, awon damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ruwan da zai ceci na farko zai iya kashe shi. Zuciyarsa ta raunana, ba ta ɗaukar ruwa da gishiri da yawa. Faɗawar ido da sakin fata kuma ba sa tabbatar da bushewar jiki a wurinsa, domin rama kaɗai tana kawo su. Irin wannan yaro ta baki ake ba shi ruwa na musamman, kaɗan-kaɗan, ba a kuma sa masa ruwa ta jijiya sai idan ya shiga halin gigicewar jini, wato hannuwa sun yi sanyi, bugu ya yi rauni, hankali ya gushe. Ko a lokacin ma mililita 15 ne ga kowane kilo a awa ɗaya, ana ƙirga numfashi da bugu duk bayan 'yan mintoci. Idan numfashi ya ƙaru da 5, bugu da 15, sai a tsayar. Mun sake dawowa ga agogo ke nan. A jihar da tamowa ta yi yawa kamar tamu, zaren awon damtse ya kamata ya zauna a aljihun kowane ɗalibi tare da alƙalaminsa.

5.0 Ɗakin haihuwa

An bayyana zubar jini bayan haihuwa da asarar mililita 500 ko fiye a cikin awa 24. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna wannan, kuma kusan kullum ragewa yake yi, balle idan jinin ya jiƙe zani da tsumma. Binciken E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Nijeriya, ya gwada abu mai sauƙi: leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, da kuma ba da magunguna a dunƙule da zarar an kai iyaka, maimakon a gwada ɗaya a jira. Ana murza mahaifa, a ba da oksitosin, a ba da allurar tiranekzamik, a sa ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, a nemi na gaba. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna raguwar mummunan sakamako da kashi 60 cikin ɗari. Babu sabon magani a ciki. Abin da ya sauya shi ne an auna, an kuma yi sauri.

Inda babu ledar, akwai hannu. Ɗaliba ta raba bugun zuciya da adadin sama na hawan jini. Idan amsar ta kai 0.9, matar tana cikin haɗari ko da tana magana. Bugu 110 a kan hawan jini 100 ya wuce wannan iyaka, alhali kowanne daga cikinsu, idan aka dube shi shi kaɗai, ba zai firgita kowa ba. Kada kuma a manta cewa yawancin matanmu da ƙarancin jini suke shiga naƙuda, don haka abin da wata za ta jure, wata ba za ta jure ba. Oksitosin ma yana lalacewa da zafi. Kwalbar da ta yi watanni a aljihun tebur da bazarar Gusau ba abin dogaro ba ce.

Jijjigar masu ciki ita ma haka. Magnesiyam salfet ya daɗe da tabbata, amma ƙananan ma'aikata da dama suna tsoronsa, sai su tura mace tana jijjiga a bayan mota ba tare da sun ba ta komai ba. Maganin tsoron shi ne sanin abin dubawa kafin kowace allura ta gaba: numfashi bai gaza 16 ba, gwiwa tana harbawa idan an buga, fitsari ya kai mililita 30 a awa. Allurar farko, giram 4 ta jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu, ita ce za ta riƙe matar daga Tsafe zuwa Gusau. Manufar rarraba ayyukan lafiya da Gwamnatin Tarayya ta amince da ita a 2014 ta ba jami'an kiwon lafiyar al'umma da aka horar damar fara irin wannan taimako kafin su tura. Saura a tabbatar ɗalibin Tsafe ya taɓa zuƙo maganin a sirinji kafin ranar da zai buƙace shi.

6.0 Isar da bayani

Gane haɗari ba ya amfani idan ɗalibi ya kasa faɗa. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba, wadda abin alfahari ce, takan sa ɗaliba ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "Sista, don Allah idan kin samu lokaci ki leƙa gado na huɗu." Babu wanda zai bar abin da yake yi saboda wannan magana. Kwatanta da wannan: "Sista, matar gado na huɗu da ta haihu ƙarfe biyu, bugunta ya tashi daga 88 zuwa 116, hawan jini 100 bisa 60, mahaifa ta saki, na fara murzawa, ina roƙon ki zo yanzu." Ladabin bai ragu ba, amma an faɗi wace ce, me ya sauya, me aka yi, me ake nema. Ana iya koyar da wannan a aji, da Hausa da Ingilishi, har ya zama jiki. Babban ma'aikaci ma yana da nasa rabon: wanda ya tsawata wa ɗalibi don ya tashe shi a kan abin da bai kai ba, ya koya masa yin shiru a daren da abin zai kai.

Takardar tura majinyaci ita ce wannan magana a rubuce. Ya kamata ta ɗauki adadi da lokaci: numfashi nawa, ƙarfe nawa, wane magani aka bayar, nawa, ta wace hanya. Idan ba haka ba, wanda ya karɓa a Gusau zai iya maimaita allurar magnesiyam, ko ya ƙi bayarwa don bai san abin da aka yi ba.

Saboda haka nake ganin kwalejojin Gusau da Tsafe suna da aikin da za su yi tare. Hukumomin da ke kula da manhajojinsu daban ne, amma majinyacin da ɗalibin Tsafe zai tura shi ne ɗalibar Gusau za ta karɓa. Ba sai an jira sauya manhaja daga Abuja ba kafin a amince da kati guda mai ɗauke da iyakokin haɗari iri ɗaya, da takardar turawa iri ɗaya, a riƙa amfani da su a atisayen makarantun biyu. Shirin Women for Health, wanda ya yi aiki a Zamfara da wasu jihohin Arewa daga 2012, ya riga ya nuna cewa ana iya ɗauko 'yan mata daga karkara a shirya su su shiga makarantun lafiya da niyyar komawa garuruwansu. Waɗannan su ne suka fi buƙatar irin wannan horo, domin su ne za su kwana a asibitin da babu likita. A jarrabawar gwajin aiki kuma, a ware tasha guda da ba a yafewa: a ba ɗalibi majinyaci na gaske ko na kwaikwayo, ya ƙirga numfashi da bugu, mai jarrabawa yana ƙirga nasa a gefe, sannan ya faɗi abin da adadin ke nufi da wanda zai kira. Wanda adadinsa ya yi nesa da na mai jarrabawa ya sake zama, ko da ya ci sauran tashoshin duka.